Murjanin da Inna Ta Shayar

Shekarun baya, bayan na ajiye aiki na tattaro komatsaina na dawo Gummi, na ɗauko wata rigima da har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya. Cewa na yi sai na kawo teku gidanmu. Ba tekun duka ba, ɗan yanki dai, daidai abin da akwatin gilashi zai ɗauka. Kuma ba don kowa ba sai don mahaifiyata.

Ga yadda abin ya samo asali. Ƙuruciyata a bakin ruwan wasu mutane na yi ta, ina aikin tashar jiragen ruwa: Bur Sudan, Jidda, daga baya Mombasa. A Bur Sudan ne wani masunci ya ara mini gilashin nutso ya ce in leƙa ƙarƙashin kwalekwalensa. Ni da iyakar sanina da ruwa shi ne gulbin garinmu, wanda in ka tsoma hannu da damina ba ka ganin yatsunka, sai ga ni ina kallon lambu a ƙarƙashin Bahar Maliya, ja da kore da shuɗi, kome yana motsi. Na tambaye shi sunan abin da Larabci, ya faɗa, sai na ji ashe sunan da muke kiran duwatsun wuyan iyayenmu ne. Murjani. Ya ce ai ba dutse ba ne tun farko, halitta ce mai rai, tana cin abinci.

Inna tana da murjani, ja wur, gadon kakarta, ba ta fito da shi sai ranar salla ko suna. Zuwana gida na farko na zauna gabanta na ba ta labari da zumuɗi. Sai dai ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe alkunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, sai dai ta gaya wa wanda ke kusa, in babu kowa ta gaya wa bango. Ran nan ƙanwarta ce a kusa, sai ta dube ta ta ce, "Kin ji abin da yawo ka yi ma mutum. An tafi neman abinci, an dawo da dutse mai cin tuwo."

Maganar nan ta bi ni har tsufa. Duk lokacin da na faɗi abin da bai kwanta mata ba, ko da kuwa farashin gero ne, sai ta ce wa matata, "Na mai dutse ne, ki rage rabi." Da wayoyi suka zo na nuna mata hoto mai motsi, ta ture hannuna ta ce wa bango waya ai har mutum mai tashi sama tana nunawa.

Da na dawo gaba ɗaya sai na tarar idonta ya fara ja baya. Muka kai ta Sakkwato, likita ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa zai rage masa gudu amma abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya. Da muka fito ya ja ni gefe ya ce, "Baba, in da abin da kuke so ta gani, ku nuna mata yanzu." Shi jikoki yake nufi, ina jin. Ni kuwa nan take zuciyata ta tafi Bur Sudan.

Ina da aboki a Legas, tare muka yi aiki a Mombasa, har yau in muna waya da Suwahili muke tsokanar juna. Shi ya daɗe yana kiwon murjani a akwatin gilashi. Da na gaya masa niyyata sai da ya gama dariyarsa, sannan ya ce irin jan nan na sarƙa ba ya zama a gida, amma akwai danginsa masu laushi da zai iya yanko mini daga nasa. Ya ce, "Amma kafin ka yi zancen gilashi ko fitila, wane ruwa gare ka?"

Na ce, "Famfo gare ni a tsakar gida, daga burtsatse, garai-garai."

Ya ce, "Garai-garai a idonka."

Ban saurare shi ba. Ni da na sha ruwan da ake kawowa a kan jaki a Bur Sudan, mai ɗanɗanon tsatsa, na sha na Jidda da aka cire wa gishiri, marar daɗi kamar an wanke shi da sabulu, kullum ina cika wa mutane baki cewa babu ruwa irin na garinmu. Sai na yi yadda kowa ke yi a nan in yana son ruwa na musamman: na tara a randa, na jefa alam, na bari ya kwanta, na tace da farin ƙyalle. Na zuba gishirin teku da abokina ya aiko. Na kafa akwatin a tsohon soron mahaifina, don ginin ƙasa ne mai kauri, ya fi ko'ina sanyi, na ja wutar sola, na ɗora fanka tana hura saman ruwan. Murjanin ya biyo jirgi zuwa Sakkwato a cikin kula, na rungumo shi a mota kamar mai jego.

Ba a daɗe ba gilashin ya yi launin kunun kanwa. Daga nan gansakuka ta fito, kore, mai gashi, ta lulluɓe duwatsun da na jera a ciki. Murjanin da ya iso a dunƙule bai taɓa buɗewa ba, a dunƙule ya narke. Inna ta dogaro sandarta ta leƙa, ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce wa matata, "To, gansakuka dai mun gani. Akwai ta bakin rijiya kyauta."

Na kira Legas da muryar wanda aka yi wa sata. Abokina ya yi mini bayani a hankali, kamar yana koya wa jikansa alwala. Ruwan ƙarƙashin ƙasa, in ji shi, yana ɗauke da abin da ya narke a cikinsa, daga duwatsu, daga takin gonaki, daga bututu. Mu muna sha lafiya lau. Alam yana kwantar da laka ne kawai, abin da ya narke ba ruwansa da alam. Shi kuwa murjani a tsakiyar teku ya tashi, inda ruwa ba ya ɗauke da irin wannan kaya, abin da ke taki ga gansakuka shi guba ne gare shi. Magani ɗaya ne: na'urar da ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa zalla ya wuce, sauran tarkace ya fita ta wani bututu dabam. Ribas osmosis suke ce mata. Ƙaramar ƙanwar injin masu fiyawata ce. Ya ce zai sake yanko mini, amma nasa ma ba gona ba ce, wannan ne na ƙarshe da zai iya bayarwa sai bayan lokaci mai tsawo. Lokaci kuwa shi ne abin da idon Inna ba shi da shi.

Na'ura ta iso, na kafa ta jikin bangon famfo, da ɗan injin ƙara mata ƙarfi, don ruwan tankinmu ba shi da ƙarfin saukowa. Tana fara aiki rigima ta tashi. Bututun ruwa mai kyau yana ɗiga kamar hawayen marowaci, na zubarwa kuwa yana tsiyaya sharr a ƙasa. Ga shi bazara ta kama, mata na layi da jarkoki a famfon unguwa tun hantsi. Inna ta ji ƙarar ruwa a ƙasa, ta fito.

"Ɗiyata, mi ka zuba?"

Matata ta ce, "Injin Alhaji ne, Inna. Wai marar kyan yake fitarwa."

"Marar kyau? Wanda muka sha muka girma? Ki ce ma mai injin, gidan ga ba a zubda ruwa ina raye."

Gaskiyarta ce, ban yi musu ba. A Jidda na ga ana wanke titi da ruwa, ban taɓa sabawa da ganin ba. Na sa bututun zubarwar a cikin duro, wanki da wanke-wanke da ban ruwan zogale duk suka koma can, abin da ya ragu wani maƙwabcinmu Bafulatani yana ɗiba wa maruƙansa. Har ya riƙa tsokanata da Fulatanci cewa shanunsa sun fi murjanina morar injin. Ƙura ta lafa. Amma da na kawo wa Inna ruwan na'urar a kofi ta kurɓa, sai ta tofar. Ta ce wa kofin, "Wanga ba ruwa ba ne. Ba ɗanɗano, ga zafi awa na wanka."

Na wanke akwatin tas, na sake haɗa ruwan gishiri da ruwan na'ura. Akwai wani ɗan ma'auni kamar alƙalami da ake tsomawa ya nuna yawan abin da ya narke. A ruwan famfo lambobi su yi ta hawa, a na na'ura ya tsaya a sifiri. Na bar ruwan ya yi kwanaki ya zauna kamar yadda abokina ya ce, sannan murjani na biyu ya iso, da ƙananan kifi biyu masu ruwan lemo. Kwanakin farko har na ga bakin wasu daga murjanin ya fara sakin jiki. Na fara taka ƙasa da ƙarfi a tsakar gida.

Sai gansakuka ta dawo.

Na rasa inda zan sa kaina. Na auna ruwan na'ura, sifiri. Na canza matatun gaban na'urar, na wanke bokiti, na rage abincin kifi har suka fara kallona da harara. Abokina ya ce, "Wani abu yana shiga ruwan nan." Na ce babu mai shiga soron sai ni. Murjanin ya koma ya dunƙule kamar ƙullin goro, gefen wasu ya fara fari. A ɗaya gefen kuma Inna ta fara laluben ƙofar ɗakinta da hannu, tana kiran jikokinta da sunan juna. Abu biyu suna tsere a gabana, ni kuwa ina tsaye da ma'auni a hannu kamar malamin asibitin da ya ɓatar da majinyaci.

Akwai abin da ya kamata ya ba ni mamaki tun farko, amma sai na mayar da shi abin alfahari. Da zafin Gummi da fanka a kai, dole ruwan akwatin ya riƙa raguwa kullum, in riƙa cikawa da ruwan na'ura, don gishiri ba ya tashi, ruwa ne ke tashi. Ni kuwa sai in tarar bai ragu sosai ba. Har na gaya wa abokina cewa soron ubana ya fi falonsa mai na'urar sanyi.

Wata safiya na fita zan tafi Nasarawa Burkullu gaisuwar rasuwa, ban yi nisa ba tayar babur ta sace, na turo shi na dawo. Ina shiga zaure na ji murya a soro. Na leƙa. Inna ce tsaye, hannu ɗaya a bakin akwatin tana laluben inda ruwa ya tsaya, ɗaya hannun riƙe da tsohuwar moɗarta ta ƙarfe, cike da ruwan randarta. Tana tsiyayawa a hankali tana cewa, "Sannunku. Ku sha mai sanyi. An kawo ku garin mutane an bar ku da ruwan inji. Ku yi haƙuri, bai da hankali, amma ba mugu ba ne."

Na daɗe a tsaye. Wani sashe na zuciyata yana ihu, ga alam, ga ruwan famfo, ga ƙarfe, duk a moɗa ɗaya. Wani sashen kuma ya kasa motsi. Matar nan da ta shekara aru-aru tana cewa dutse ne, ashe duk fitar da nake yi sai ta lallaɓo ta ba su ruwa. A gidan Inna ba a taɓa yin baƙon da ya zauna ba a miƙa masa ruwan randa ba, ko mai tallan itace ne. Ta ji ruwansu yana raguwa, ta san baƙi ne daga nesa, to me ake jira?

Na koma da baya ban bari ta ji ni ba. Ɗan fari ba ya tsare uwarsa ya ce ta yi kuskure, balle a kan ta ba baƙo ruwa. In na sa kwaɗo a soron kuwa, na san ko murjanin ya yi rawa ba za ta sake leƙawa ba. Na sami matata a madafa na gaya mata. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, ta ce, "Ai na sani. Na ɗauka kai ka sa ta."

Da la'asar muka shimfiɗa tabarma kusa da Inna, na yi magana irin tata, wato na fuskanci matata. Na ce, "Kin tuna shekarar da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukan Bukkuyum da Anka? Ƙasar da yara ke wasa a kai, wa ya ga wani abu a cikinta da ido?"

Matata ta ce, "Babu. Ƙasa ce kamar kowace ƙasa."

Inna tana da dangi a wajen Yargalma, ta je gaisuwar rasuwar yara a lokacin, ba labari aka ba ta ba.

Na ce, "To ruwanmu lafiyarsa lau gare mu, Allah Ya sa masa albarka. Amma baƙin nan cikinsu ba irin namu ba ne. Akwai abin da ke cikinsa da ba a gani, mu ba ya yi mana kome, su yana kashe su. Ga shi kuma ni ba na zama, suna buƙatar mai ba su ruwa kullum, wanda ba ya mantuwa. Na rasa wa zan roƙa."

Inna ta gyara zama. Ta ce wa matata, "Ki tambaye shi, ruwa mai zafi za a ba baƙo?"

Nan na gane inda gizo yake saƙa. Ba na'urar take ƙi ba, rashin mutunci take ƙi. Sai na tuna tulunan da ake jerawa a bakin hanya a Sudan don masu wucewa, irin randunanmu ne sak, ƙasa ce ke sanyaya ruwa ba wani abu ba. Washegari na sayo sabuwar jarka ƙarama da sabuwar moɗar roba. Na cika jarkar da ruwan na'ura, na toshe, na zaunar da ita a cikin randar Inna, ruwan randa ya kewaye ta har wuya, na rufe da faifai. Ruwan bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa alam ba, amma daga randar Inna yake fitowa, da sanyinsa. Na manna wani ɗan zare mai kauri a jikin gilashin daidai inda ruwa zai tsaya, yadda yatsa zai ji shi.

Ta taɓa jarkar, ta ɗiga ruwan a bayan hannunta, ta ce wa randa, "To. Yanzu an yi abin mutane."

Daga ranar aikin ya zama nata, safe da yamma, kuma ban taɓa ganin ma'aikaci irinta ba a duk tashoshin da na yi aiki. Ni kuma na shiga canza ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, ina cire gansakuka da tsohon buroshin haƙori. A hankali koren ya fara ja da baya, gilashi ya washe. Sanyin ruwanta ma ya taimaka a tsakiyar zafin nan. Wasu daga cikin murjanin sun riga sun tafi, ba su dawo ba. Amma akwai wani curi ja, da wani mai dogayen hannuwa, da suka riƙe.

Wata ranar Juma'a da hantsi, ina goge takalmi, sai na ji sandar Inna tana bugun ƙofar soro da sauri. "Ɗiyata! Ɗiyata, zo ki gani!" Muka ruga tare. Curin nan ja ya buɗe gaba ɗaya, fure a kan fure, kowanne da baki a tsakiya da gashi a kewaye, kamar an shimfiɗa darduma. Mai hannuwan kuma yana buɗe tafi yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa, shi kaɗai, ba mai taɓa shi. Na ƙara hasken fitila, na kawo mata kujera, ta manna goshi a gilashi ta gefen idon da ya rage mata. Na ɗauko ɗan abincinsu a tsinke na ajiye a kan fure mafi girma. A gaban idonta ya naɗe gashinsa, ya rufe a kan abincin, ya haɗiye.

Inna ta ce, "La ilaha illallahu." Ta sake faɗa. Sannan ta tashi ta shiga ɗakinta, muka ji tana buɗe akwati. Ta dawo da murjaninta na gado a hannu, ranar ba salla ba, ba suna ba. Ta ɗaga shi jikin gilashin ta ce, "Ga danginku nan. Ashe haka kuke a gida."

Ta daɗe a zaune. Da za ta miƙe, ba ta dubi matata ba, ba ta dubi bango ba. Ni ta juyo ta fuskanta, da idon nan da ya kusa ƙarewa, ta ce, "Kai. Ba ka yi ƙarya ba."

Na tsaya a gaban manyan turawan jirgi, an yaba mini da harsuna huɗu, ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba. Dattijo da furfura, jikoki cike da gida, sai ga ni ina neman inda zan ɓoye fuska. Na fita zaure na kira Legas, na kasa haɗa Suwahilin ma, Hausa na yi ta zuba masa yana cewa bai gane ba.

Kafin damina ta biyu idon ya rufe gaba ɗaya. Ba ta fasa ba. Da sanda take zuwa, ta lalubi zaren nan, ta tsiyaya, ta yi musu sannu. In baƙi sun zo kallo, don har daga Anka an zo, ita ke yi musu bayani, tana gargaɗinsu kada wanda ya kuskura ya zuba musu ruwan famfo, wai mutanen yanzu ba su san ba kowane ruwa mai haske ne mai tsabta ba. Ni dai ina gefe ina gyaɗa kai.

Na yi yawo, na ga yadda mutane iri-iri ke sarrafa ruwa, kuma na'urar nan ta yi duk abin da aka ce za ta yi. Amma na lura ita tace ruwa kawai ta iya. Wanda zai ba da shi, da yadda za a ba da shi, wannan sai mutanen gida. Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Curin nan ja ya yaɗu har na yanka na mayar wa abokina. Yanzu ina da abin sanyaya ruwa na zamani, ba na buƙatar randa. Duk da haka jarkar tana nan a cikinta, ƙarƙashin faifai, kuma kowace safiya in na tsiyaya sai na ji bakina ya ce musu sannunku.